Taswirar da Ta Ƙanƙance

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan makaranta lafiya lau, sai shirin jarrabawa.

Na samu tamanin da bakwai a lissafi. Malama ta ɗaga takardata a gaban aji, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, na yi ta kallon benci har aka tashi.

Yaya, saura mako biyar a ba mu hutu. Ban manta da alƙawarinka ba, cewa wannan hutun zan zauna a ofishinku kusa da teburinka, ka koya mini yadda ake shirya wa jirgin safiyo hanya kafin ya tashi ɗaukar hotunan ƙasa. Har sabuwar rula na saya, ban bari kowa ya taɓa ta ba.

Sai dai da Umma ta zo ziyara ta ce 'yar Kawu ta fara koyon aiki a wurinku, wai makarantarsu ce ta turo ta. Ina taya ta murna. Ina so in sani ne kawai, a wace kujera take zama?

Ka gaishe ta idan ka ga dama.

Ƙanwarka,
Auta

*

Autar Umma,

Wa alaikumus salam. Tamanin da bakwai? Ina sauran sha ukun suka tafi? Wasa nake, kin yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Kujera dai ɗaya ce a kusa da ni, kuma 'yar Kawu ce a kai. Maganar hutu za mu duba, don shugabanmu ba ya son cinkoso. Amma yarinyar nan kanta na ja! Cikin mako biyu ta zama hannun damana.

Ga irin aikin da take yi, ke ma ki koya. Jirgi yakan bi layi a miƙe yana ɗaukar hoto, ya juyo ya bi na kusa da shi, kamar mai shara. Kowane hoto yana cin faɗin mita dubu biyu da ɗari uku a ƙasa. Dole hotunan layi ɗaya su hau kan na maƙwabcinsa da kashi talatin cikin ɗari, in ba haka ba a samu giɓi, wurin da ba a ɗauka ba. Shi ya sa muke barin mita dubu ɗaya da ɗari shida tsakanin layi da layi. A taswirarmu santimita biyu kilomita ɗaya ce, wato tazarar ta zama santimita uku da ɗigo biyu.

Na sa miki kwafin taswirar da ta zana wa layukan. Ki ga tsabtar hannu! Da taswirar nan za a tashi ranar Alhamis ta sama idan babu gajimare.

Ki dage da karatu.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ba direban makaranta wannan takarda ya kawo da hannu, don Allah ka karanta kafin Alhamis.

Na ga tsabtar hannun. Na auna layukan ɗaya bayan ɗaya, su goma sha huɗu, kowanne santimita uku da ɗigo biyu ne cif. Ba zan ɓoye maka ba, kuskure nake nema, kuma da ban samu ba har abinci ya fita raina.

Jiya a ɗakin karatu sai idona ya kai kan ɗan layin ma'aunin nan da ke ƙasan taswirar, wanda aka rubuta wa kilomita ɗaya. Ka ce santimita biyu ne. Na ɗora rula, sai na ga ɗaya da ɗigo huɗu. Na ari rular wata, haka ɗin dai.

Yaya, an rage girman taswirar nan a injin fotokwafi kafin a yi zane a kanta. Rubutun ma'aunin yana nan yadda yake, amma takardar ta ƙanƙance. Ba wajen yi mini kwafi aka rage ba, don da haka ne da layukan ma sun matse. Na yi lissafin sau uku: tazarar gaskiya ta kusa mita dubu biyu da ɗari uku, faɗin hoton kansa ke nan. Hotunan ba za su hau kan juna ba. Iska kaɗan ta ture jirgin, giɓi ne daga farko har ƙarshe.

Juya baya, akwai saura a bayan takardar.

Wannan ita ce hannun daman naka. Tun muna yara haka take, komai sai ta ƙawata shi a ido, cikinsa babu komai. Ita ce ta karya maka kamfas ɗin zane shekarun baya ta bari aka dake ni, ban taɓa faɗa ba. Ni na koyi jadawalin sau a kan gwiwarka. Ni nake ajiye duk wasiƙunka a ƙasan akwati. Shekara biyu ina jiran kujerar nan, ita ta zo da murmushinta da dogon wuyanta ta zauna. Ba ka taɓa ce mini kaina na ja ba, sai dai ka tambayi sauran sha uku.

A gabanka ba zan iya faɗin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ka yi haƙuri.

Auta

*

Auta sarkin kunya,

Salamu alaikum. Kafin ki suma, ki nemi wuri ki zauna. Ni ce, mai dogon wuya.

Yaya ya tafi fili tun Litinin, suna kafa alamomin da za su fito a hoto. Ya ce in riƙa buɗe duk takardar da ta zo ofis da sunansa. Direbanku ya ce ta gaggawa ce, na buɗe. Na karanta gaba. Da na ga "juya baya", na juya.

Gaskiyarki kan taswirar. Da na ɗora rula, abin da kika gani shi na gani. Na ɗauko babbar ta asali daga kabad, na share teburin shugaba don ita kaɗai ce take ɗaukarta, na sake zane. Layuka ashirin suka fito maimakon sha huɗu. Matuƙin jirgi ya karɓa yana ƙorafin mai, amma an tashi jiya, hotuna sun hau juna lafiya. Da an bi na farko, da an sake aikin gaba ɗaya, ni kuma da tuni ina gida.

Amma ki sani, ba ni na rage taswirar ba. Yayan naki ne da kansa, wai babbar ta cika masa tebur. Ya miƙo mini ya ce zana, na zana. Laifina ban auna ba, nasa kuma ki faɗa masa da bakinki in kin isa.

Maganar kamfas, ni ce. Na ɗauka kin manta. Ki yafe mini.

Kin ce ba ya yabonki. Ni kunnena ya gaji da "da Auta ce da tuni ta gama". Kin ga ke nan mu biyu yake gasawa da wuta ɗaya.

To, ga inda muke. Yaya zai dawo Laraba, bai san komai ba tukuna. Takardarki tana jakata. In na ba shi, zai san ke kika ceci aikin, kujera kuwa ko shugaba ba zai hana ki ba. Amma takarda ɗaya ce, gaba da baya, kuma ni ba zan yi miki kwafin rabi ba. In kuma kin ce in yaga, zan yaga, in ce ni na gano, in sha yabona. Ba na jin kunya, kin sani.

Zaɓi naki.

Taki,
'Yar Kawu

*

'Yar Kawu,

Wa alaikis salam. Na yafe kamfas. Maganar wuya kuma ki yi haƙuri.

Kwana biyu ina rubuta "ki yaga" ina gogewa.

Ki ba shi. Gaban da bayan duk ni na rubuta. Amma kada ki fita daga ɗakin in yana karantawa. Ki tsaya ki kalle shi da kyau, ki rubuto mini wane gefe ya fi daɗewa a kai.

Na gode.

Auta