Shafi Ukun Tajuddeen

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

An sayar da gidan mahaifinmu. 'Ya'yan marigayi yaya Mukhtar suna son rabonsu, kuma haƙƙinsu ne. Mai sayen ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kwashe kayana. Rabona na haɗa da abin da ya rage na sallamar aiki, shi ke nan abin da na mallaka. In ya salwanta, ba ni da wurin kwana.

Shekarata saba'in da takwas, ban taɓa sayen gida ba. Ni da na rubuta wa rabin mutanen Kibiya takardar cinikin gona da ta gida. Da matata Barira na da rai, da dariya za ta yi mini.

Laraba, 9 ga Oktoba

Wani dillali ya zo daga Rano, Tajuddeen, mai ofis da hatimi. Ya ce, "Baba, yanzu an daina dillanci da fatar baki." Ya miƙo mini yarjejeniya shafi uku, da Turanci, in sa hannu ya zama wakilina wajen neman gida. Ya ce, "Kai ai ba sai an fassara maka ba, Malam Zailani. Kai ka koyar da iyayenmu."

Na karɓa, na juya shafukan, ina gyaɗa kai. Na ce zan yi nazari.

Ban ga komai ba. Yanar ido ta rufe mini gani tun bara, ba wanda na faɗa wa. Wannan littafin ma da manyan baƙaƙe nake cika shi, hannu ne kawai ya san hanya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na fito da takardar tsakar gida da rana tsaka, na sa tabarau. Sunana na gane, da layin sa hannu. Sauran kamar tururuwa a cikin ruwa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan masallaci Malam Bello ya ja ni gefe, tsohon dillalin kasuwarmu. Wai wata tsohuwa, Fanta, za ta koma wurin ɗanta a Durba, za ta sayar da gidanta na bayan masallaci, ɗaki biyu da rijiya. Na tambaye shi takarda. Ya ce, "Wace takarda kuma? La'adata ka san ta. Mu tafa a gaban mai unguwa, an gama."

Na ga irin wannan tafawar ta ƙare a gaban alƙali, ba sau ɗaya ba. Ɗaya ba shi da takarda, ɗaya takardarsa ba na iya karantawa. Duka biyun tsoro suke ba ni.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Tajuddeen ya ɗauke ni a babur zuwa bayan garin Rano, hanyar Rurum. Gidaje sababbi, katanga doguwa, ƙofar ƙarfe. Ya ce, "Ka ga tsaro, Baba." Ni kuwa banɗakin nake kallo, ina tunanin in na faɗi a ciki kwana nawa za a yi kafin a sani. Wai akwai wani mai so, in sa hannu zuwa Laraba.



Litinin, 14 ga Oktoba

Ban iya cin abinci ba. Saura kwana goma sha bakwai.

Talata, 15 ga Oktoba

Na ɗauki biro yau, har na ɗora a kan layin. In na sa, ai an huta, kuma ba wanda zai sani.

Sai ga Sa'adiya da kunu, babbar 'yar yaya Mukhtar, wadda ke koyarwa a Unguwar Gai. Tun maganar sayar da gidan ba ma wuce gaisuwa. Ta ga takardar, ta ce, "Baffa, in duba?" Na ce na riga na karanta. Ta ajiye kunun ta tafi.

Ƙarya na yi wa yarinyar da na koya wa riƙon fensir.

Laraba, 16 ga Oktoba

Da hantsi na tafi gidanta da sanda. Sau biyu na tsaya zan juya. Da na zauna sai na kasa kawo zancen, ina ta tambayar lafiyar yara. Can dai na ce, "Sa'adiya, ba na gani." Haka kawai.

Ta ce, "Na sani, Baffa. Tun ranar da ka yi wa turmi sannu da aiki." Ta yi dariya.

Ta karanta mini takardar Tajuddeen layi-layi. Shekara guda ba ni da ikon neman gida ta hannun kowa sai shi. Ko ni na samo gidan da kaina, la'adarsa tana nan. Kuɗina kuma asusunsa za su shiga su jira. Ta ce, "Ba na cewa macuci ne. Amma takardar nan shi take karewa, ba kai ba."

Jiya biro yana kan layin.

Tajuddeen ya zo bayan azahar. Na ce a cire abu ukun nan, ko ya ɗauki abarsa. Ya ce, "Baba, zuga ka aka yi." Na ce karanta mini aka yi. Ya naɗe ta ya sa aljihu, ko sallama mai kyau babu.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun je gidan Fanta, ni da Sa'adiya da Malam Bello. Katangar gajera ce, ana jin tarin maƙwabci. Daga nan zauren mai unguwa. Malam Bello ya yi ta mita: "Shekara arba'in ina dillanci, sai yau za a ɗaure ni da biro?" Mai unguwa ya ce, "To ai Malam ne, ko akuya zai saya sai ya rubuta."

Ni na faɗa, Sa'adiya ta rubuta yarjejeniyata da Malam Bello, da Hausa, shafi ɗaya. Gidan Fanta kaɗai, mako biyu. Kuɗi na wurina sai 'ya'yanta sun sa hannu, an zaga iyaka da shaidu. An karanta sau biyu kowa na ji. Maganar tana nan a kaina yadda na saba, ba kalmar da ta ɓace.

Ciniki bai faɗa ba tukuna, ɗanta na Durba bai zo ba. Tsoron yana nan.

Wajen sa hannu Sa'adiya ta kama yatsana ta ɗora a kan layin, a gaban mutane. Na bar ta.

Wai Litinin za ta kai ni Kano a duba idon. Ban ce mata to ba. Na dai ba da babbar rigata wanki.