Kujerar Makunni Tawa Ce, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, mai masana'antar niƙa tsohuwar roba a Sabon Gari, kuma sabon kansilanmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da taya murnar cin zaɓe, ni ne Sani na Rijiyar Lemo, wanda injinka ya cinye wa yatsu uku a daminar bana. A yi haƙuri da rubutun, da hagu nake koyo.

Na farko, ranka ya daɗe, ka san ƙa'idar wurin. In an kawo wuta ba a kashe inji, ko da roba ta cushe masa baki, don ba a san lokacin da za a ɗauke ta ba. Sai a nemo mai siririn hannu ya zura ya zaro. Ni ne mai siririn hannun. Har yabona kake yi a gaban baƙi.

Na biyu, ranar da abin ya faru haƙorin injin ma ya karye. Kafin a kwance min bandeji an kawo masa sabo daga Legas. Ni kuwa manaja ya ce in je gida in huta. Har yau hutawar nake.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni: bayan tafiyata kun ajiye kujera kusa da makunni, an zaunar da mutum, aikinsa kawai ya danna in inji ya cushe. Madalla. To amma wa aka ba? Bukar! Bukar da ni na kawo shi wurin, mai yatsu goma cif. Na hango shi ta ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana cin gyaɗa. Wallahi kishi nake, ba zan ɓoye ba. Bai yi min komai ba, amma da jinina aka sayi kujerar nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Roƙona ɗaya ne: a mayar da Bukar wajen awo inda yake a da, a ba ni makunnin. Yatsa ɗaya yake buƙata, ni kuwa biyu suka rage min, ga iyali.

Allah ya ƙara girma, ya tsare hannun 'ya'yanka. Da sojoji suka koma bariki muka bi layi, kai na dangwala wa ƙuri'a. In zaɓe ya sake zagayowa ka nemi babban yatsan, yana cikin injinka.

Wassalam.
Sani, Rijiyar Lemo.