Ƙarfe Biyun da Ban Tambayi Inna Ba

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da na ɗora miki karatun wasiƙa, ga ki da hidimar 'yarki da ta haihu. Sau uku ina kiran wayarki ina katsewa kafin ta shiga, shi ya sa na koma ga takarda. Ina fata kina lafiya, da maigidan, da mai jego da jaririn. Innarki na samun sauƙi. Jiya ta zauna da kanta, har ta yi min tsiya wai shekara ashirin ina aikin jinya amma har yau allurata ta fi ta kowa zafi.

Ranar da kika kawo mahaifiyarki ɗakinmu na asibiti, kin ce tunda ina nan hankalinki a kwance yake. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni.

Kin ga takardar nan da ke rataye a ƙarshen gadonta. Tsarinmu shi ne kowace awa nas ta zo gadon majiyyaci ta tambaya ko akwai ciwo, ko za a kewaya, ko a gyara kwanciya, ta duba ruwa da ƙararrawa suna inda hannu zai kai, sannan ta sa hannu. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata wannan, kuma kullum ina ja musu kunne kada su rubuta abin da bakinsu bai tambaya ba.

Ranar Talatar makon jiya da ƙarfe biyu na rana na zo gadon Inna. Ta juya fuska bango, carbi na gudu a yatsunta, leɓɓanta na motsi. Kin san yadda aka hore mu a gaban malam, ba a katse mai zikiri. Na ɗan tsaya, sai na cike guraben takardar, na sa hannu, na wuce ina sanɗa don kada takalmina ya dame ta. Ko minti ashirin ba a yi ba na ji faɗuwar ƙarfen ƙarin ruwa. Na same ta a ƙasa tsakanin gado da ƙofar bayi. Sauran kin sani, ƙashin ƙugu ya karye.

Sai bayan an yi mata aiki ta gaya min yadda aka yi. Fitsari ne ya matse ta tun bayan azahar. Nauyin danna ƙararrawa take ji, wai kada ta taso ni ina kan aiki, sai ta ɗauki carbi don ta daure har ƙarfe biyu, tunda ta san zan zo in tambaya. Ta ji tsayuwata, ta ji motsin alƙalami. Saura uku ta cika ɗari, ta ce bari ta ƙarasa. Ko da ta juyo na riga na fita.

Da babbar nas da likita suka zo bincike da takardar a hannu, Inna ta ce musu na tambaye ta, ita ce ta ce ba ta buƙatar komai. Ina tsaye a wurin, aminiyata, kuma na yi shiru. Ina nan kuma da yamma lokacin da kika kira kina mata faɗan taurin kai, kina cewa ga nas a gabanta amma sai ta yi gaban kanta. Ba ta ce miki komai ba sai to, to. Ni kuwa na yi ta gyaran zanen gadon da ba ya buƙatar gyara.

Kwana tara na yi da abin a ƙirjina. Yau da safe na je ofishin babbar nas na faɗi gaskiya. Za a zauna a kaina ranar Alhamis mai zuwa, kuma duk abin da suka yanke na cancanta. Inna ta yi fushi da ta ji. Ta ce ƙarya ɗaya tak ta yi da tsufanta, ita ma na je na ɓata mata.

Ba tausayi nake nema ba. Abu biyu nake roƙo. Ki kira Inna ki janye faɗan nan, domin ba nata ba ne, nawa ne. Sannan ki gaya min ko kin yarda in ci gaba da kula da ita, ko in roƙa a ba wata gadonta. Ita ta ce ba ta son hannun kowa sai nawa, amma ke kika ba ni amanar, ke za ki faɗa.

Allah ya raya jaririn, ki gaishe min da mutanen gida. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, ko layi biyu ne, kafin Alhamis.

Taki,
Mai Allurar Inna