Ba Kitsonki Ba Ne, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna mai kitso ta Sule Tankarkar. Gaisuwa da ladabi daga 'yarki Hajara, daga nan Gumel. Maigidana ne yake rubuta mini da ajami. Ya ce matattu ba su karanta takarda, na ce masa shi dai ya rubuta, akwai rayayyun da za a karanta wa.

Maganar ƙanwata Ladi ce na zo miki da ita. Kin tuna, shekara biyu kafin babbar yunwa, kunnenta na hagu ya yi wata guda yana zubar da mugunya. Muna ɗiga man shanu, muna toshewa da auduga. Rannan sai zubar ta tsaya cak. Kika yi murna, kika toya waina aka raba sadaka, kika zaunar da ita tsakanin ƙafafunki kika yi mata doka, kitso mai kyau, don za ta bi mu kasuwar Maigatari.

Bayan kwana uku bayan kunnenta ya kumbura. Matan unguwa suka ce kaluluwa ce, kin ja gashin da yawa. Kika tsefe kitson da hannunki, kumburin bai saɓe ba. Zazzaɓi ya rufe ta, wuyanta ya sanƙare, kafin Juma'a biyu aka kai ta makwancinta.

Tun ranar ba ki sake taɓa kan kowa ba. Matan Fulani su zo tun daga ruga da ƙoƙon mansu, ki mayar da su. Tsinken kitsonki kika soke a jikin jinka, shekara tara ba ki zare shi ba har kika rasu. Abin da kike faɗa kullum guda ne: "Hannuna ne ya ci yarinyar nan." Mu ma, Allah ya yafe mana, ba wanda ya musa miki, don ba mu san komai ba.

To, bara takwararki Uwani, 'yata mai shekara bakwai, ta yi irin ciwon nan. Kunne ya yi ta zuba, ya tsaya. Ina cikin yi mata tsaga sai yatsana ya sauka bayan kunnenta, ta yi ƙara. Ko jan gashin ban fara ba, Inna. Kanta a tsefe yake tun sati uku.

Ke kika koya mini kaluluwa, na san ta. Takan yi kamar ƙwayar gujiya a ƙarƙashin fata, in an danna ta gudu, in an tsefe kai ko an kashe kwarkwata ta tafi. Wannan kuwa ba ya motsi. Shimfiɗe yake a kan ƙashi, da zafi rau, lungun nan na bayan kunne ya shafe, kunnen ya turo gaba ya fi ɗan'uwansa fitowa. Ina kallonsa sai na ga kunnen Ladi, sak.

Surukata ta ce a jiƙa sassaƙe a jira. Wallahi ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Muka kai yarinya Gagarawa wurin wani tsohon wanzami. Ya taɓa, ya girgiza kai, ya mayar da askarsa cikin zabira. Ya ce in maruru ne da tuni ya tsaga, amma wannan mugunyar kunne ce ta rasa hanyar fita ta faɗa cikin ƙashi, kuma bayan ƙashin nan ƙwaƙwalwa ce. Ya ce mu tafi Kano, kada mu koma gida ɗaukar kaya.

Kwana huɗu muka yi da ayarin masu jakuna. Likita Bature ya shaƙa mata maganin barci, ya tsaga bayan kunnen, ya kankare ruɓaɓɓen ƙashin, ya bar ƙofa da tsumma a ciki don mugunya ta riƙa fita. Wata ɗaya da rabi ana wanke wurin kullum. Ta rayu. Kunnen nan dai ba ya ji sosai, sai ka zagaya ta dama kafin ta amsa, wani lokacin ma ina zargin da gangan take yi in aike ne.

Kafin mu taho na roƙi tafinta ya tambayar mini likita, ko jan gashi yana kawo wannan ciwo. Na sa ya maimaita har sau biyu. Amsar ɗaya ce: a'a. Daga cikin kunne yake tasowa, kuma tsayawar mugunya ga yaro mai zazzaɓi ba lallai waraka ba ce. Ashe ranar da kika toya wainar nan ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Ko kin yi kitson ko ba ki yi ba, Inna, abin da zai faru ke nan.

Na yi kuka a ƙofar asibitin nan har mutane suka fara yi mini ta'aziyya, alhali 'yata tana zaune a gefena tana cin gyaɗa. Ke nake wa kuka, da shekara taran nan.

Na je gida na zaro tsinkenki daga jinka. Jiya na yi wa Uwani doka da shi, na ja tsagar gefe kaɗan don ta rufe tabon.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Ladi. In kin gan ta, ki zaunar da ita ki yi mata kitso.

Taki har kullum,
Hajara