Bikin Iya da Gwaggo Baiwa

Matamai, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Rabo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da mutanen Yamai. Bayan haka, na rubuto ne don wayarka ta daina gane lambata, shi kuwa direban mota dole ya miƙa maka takarda a hannu.

Maganin hawan jinin Iya ya ƙare. Na ɗauki katin lafiyar nan na gwamnati da ka yi mata, wanda ka ɗaga sama ranar Sallah har maƙwabta suka yi ta sa maka albarka, na je farmasi. Suka ce maganin da katin ke biya gaba ɗaya babu shi, sun ma manta kalar kwalinsa. Wanda likita ya rubuta akwai, amma abin da katin ke ragewa bai kai kuɗin motata ba. Sauran, sai in sayar da buhun hatsi. Na tambayi mai farmasin ko akwai abin da katin ke bayarwa kyauta, ya ce akwai, auduga.

Iya na gaishe ka. Katin yana nan cikin leda a ƙarƙashin filonta, ta hana yara taɓawa. Kanta kuma yana sara tun shekaranjiya. Ka aiko da magani, jawabi muna da sauran na Sallah.

Ƙanwarka,
Mansura

Yamai, ranar Alhamis

Zuwa ga Mansura,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, na sami takardarki, na kuma lura da irin harshen da ke cikinta.

Tsarin katin nan manya ne suka zauna suka yi shi, ba abin da za a fahimta a bakin rumfar rake ba ne. Akwai magungunan da ke cikin tsari, akwai waɗanda ba su ciki. Mai ƙorafi dosiye yake haɗawa, wato takardun shaida, ya kai Damagaram.

Abin da nake so ki amsa mini shi ne wannan. Kwali uku na saya da lambar katin na aiko, na wata uku, na cika sauran kuɗin daga albashina. Wata ɗaya ke nan. Ina kwali biyu? Ba na zargin kowa, amma na san masu tallar magani a faranti suna saye a hannun mata, na kuma san haihuwa na gabanki, hidima ta yi yawa.

Ki gaida Iya da mai gidanki.

Yayanki,
Rabo

Matamai, ranar Lahadi

Yaya Rabo,

Gaisuwa, tunda an ce a gaida na gaba. Na karanta wa mai gidana inda ka ce ba ka zargin kowa, ya ce Allah ya kiyashe mu ranar da za ka fara.

Na binciko maka kwalayenka. Suna Dungu, wurin Gwaggo Baiwa, ƙawar Iya tun suna 'yan mata. In ka manta ta, ita ce ta goya ka sa'ad da Iya ta yi jinya. Ita ma hawan jinin ne da ita, ba ta da kati, ɗanta Sa'adu ne ke saya mata in ya samu. Lokacin da muke jiran katinka ya fito daga biro, wato ofishin gwamnati, ta zo duba Iya, ta kwance bakin zane ta ajiye mata kwali ɗaya.

Ka san biki tsakanin ƙawaye, ko Yamai ta goge maka shi? Abin da ƙawa ta kawo, ninka shi ake yi in tata hidimar ta zo. Da aka yi auren jikar Gwaggo, Iya ta kai mata kwali biyu a cikin kwano, an rufe da faifai. Na ce, “Iya, magani ne fa, ba atamfa ba.” Ta ce, “Wace atamfar ce ta kai shi tsada yanzu? Baiwa ta ba ni abin da ya fi komai nata daraja, sai in mayar mata da sabulu?”

Na hau babur na je Dungu da cikin nan nawa. Kwalayen suna nan ko buɗewa ba ta yi ba. Ta sayar da akuyarta za ta cika huɗu ta kawo ranar sunan abin da zan haifa. Na ce ta sha mana, ƙafafunta duk sun kumbura. Ta ce, “In na sha, me zan kai wa ƙawata?” Iya kuwa ta san takwas na jiranta, shi ya sa take raba ƙwaya biyu da wuƙa tana ɓoye rabi.

Tsofaffi biyu ke nan suna gadin magani, ciwo na cin su. Na yi dariya a hanya, da na iso gida na yi kuka. Ka bar mini wannan, zan zaunar da su in lallashe su su karya bikin a mutunce, kamar yadda ake yi in ya yi nauyi. Kai dai ka aiko da kwali ɗaya.

Mansura

Yamai, ranar Laraba

Mansura,

Bayan gaisuwa. Wannan jahilci ne tsantsa, kuma ba a lallashin jahilci. Katin sunan mutum ɗaya ke kansa, da sa hannuna a ƙasa. In aka ji maganin da aka saya da shi yana yawo gidajen biki, ni za a kira a biro.

Na riga na gama da maganar. Na nemo lambar Sa'adu, na gaya masa uwarsa ta dawo da kayan gwamnati, ta kuma daina raɓar tsohuwata don magani. Ba zan aiko da komai ba sai kwalayen sun dawo. Nan gaba za ki gode mini.

Yayanki,
Rabo

Matamai, ranar Asabar

Rabo,

Kwalayenka sun dawo. Gwaggo Baiwa ta kawo su da kanta ranar Juma'a, biyu cif, ba ninki. Ba ta shiga ɗaki ba, ba ta sha ruwa ba. Ta ajiye su a bakin ƙofa gaban matan gida, ta ce wa Iya, “Ga kayan ɗanki. Ban san roƙo nake yi ba.” Iya ta tashi za ta bi ta, ta faɗi a tsakar gida.

Ɓarin damanta ya mutu, bakinta ya karkace. Sunan Baiwa kaɗai muke ganewa a maganarta, kuma na aika Dungu, ba ta zo ba. Likita ya ce wancan maganin ba shi take buƙata ba yanzu, ya rubuta wani. Ba ya cikin tsari.

Ga katinka nan cikin takardar, na zaro shi daga ƙarƙashin filon. A al'adarmu ninkawa ake yi, sai dai na duba gidan nan kaf ban sami wani abu marar amfani kamarsa da zan haɗa maka ba.

Ka huta lafiya.

Mansura