Ƙwaryar Inna

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Yau aka nuna gidanmu a tele. Gidan Baba na Tibiri, inda ƙanena Jalaluddeen ya jajibo mutanen wata tasha daga Yamai suna ɗaukar komai, tun daga daka har rigimar yara a kan ƙanzo. Sun sa wa shirin suna "Tukunya Ɗaya". Wai mutanen birni su ga yadda gida mai mata uku da 'ya'ya da jikoki fal tsakar gida yake kwana ya tashi.

Maƙwabta suka cika mini ɗaki, da yake mu ke da sola. Bushira, wadda muke koyarwa tare a lekol, ta zo da gyaɗa kamar za a kalli kokowa. Baba ya sha babbar riga da rana tsaka, mutumin da ko ranar Juma'a sai an yi da gaske yake sa ta. Mun yi dariya har da hawaye.

Sai aka zo kan Inna. Tana tankaɗe, tana kare fuska da gefen zane. Mai gabatarwa ta ce, "Inna Sahura, 'ya'yanki nawa?" Ta ce, "Ba a ƙidayar ɗiya." Aka matsa mata ta faɗi sunayensu kawai. Ta fara daga Mahmudu, ta gangara har auta.

Daga Mahmudu. Ni ce gaba da Mahmudu.

Bushira ta daina ɓarar gyaɗa. Na yi dariya da ƙarfi na ce, "Kun manta ni ɗiyar fari ce? Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce." Kowa ya ce haka ne, haka ne. Na tashi na je duba shinkafar da na riga na sauke.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Zafi. Na kasa zama wuri ɗaya.

Talata, 15 ga Afrilu

An yanko wurin an saka a waya, yana ta yawo. A cikin shirin ƙanwata Asiya ta ce suna da babbar yaya malama a Dutsi, to masu kallo suka haɗa biyu da biyu. Wata ta rubuta, "Wace irin uwa ce ke manta ɗiyarta?" Wani ya ce duhun kai ne. Wata mata daga Maradi ta ce ta yi kuka saboda ni. Ba ta san ni ba, ko fuskata ba ta gani ba, amma ta yi mini kuka.

A lekol an kusa dambe lokacin hutu. Mushe Ahmad, wani abokin koyarwarmu, ya ce wannan al'ada ba ta da tushe a addini, ya jawo hadisi a kan sumbatar 'ya'ya. Darakta ya ce yaran yanzu ba su san kunya ba shi ya sa suke ganin ta kamar ƙiyayya. Duk suna magana a kaina ina zaune ina gyaran takardun yara, ba wanda ya ce, Mardiyya, ke me kika gani?

Da sun tambaya ma me zan ce? Gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba: na ji daɗi. Ina karanta zagin da ake wa uwata, wani lungu a zuciyata yana cewa ku ƙara. Allah ka yafe mini. Na karanta har idona ya yi zafi, na ajiye wayar, na sake ɗauka.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na san al'adar, ba sai an koya mini ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin Kaka a Kiyeshe, can na girma. In na je Tibiri Inna ba ta kallona ido cikin ido. "Ta wajen Kaka" take ce mini, yanzu kuma "ta Dutsi". Ranar aurena ta shige ɗaki ta ja labule. Duk na sani, kuma na sha kare ta a gaban mutane. Amma sanin dalilin ƙaya ba ya hana ta suka.

Shi ya sa ranar da na haifi ɗiyata ta fari, Mubarika, na yi rantsuwa sai na kira sunanta har unguwa ta gaji. Mijina Rufa'i yana cewa zan ƙarar da sunan kafin yarinyar ta shiga lekol. Mubarika zo, Mubarika tashi, Mubarika kin ci? Surukata in ta ji sai ta kawar da kai, wai ni ke ba ta kunya.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kashi na biyu. Na ce ba zan kalla ba, na kalla.

Sun gano ƙwaryar. Akwai wata 'yar ƙwarya da Inna ke zuba fura a ciki duk safiya in ta gama damu, ta rufe da faifai, ta ɗora kan wani dutse a inuwar rumbu. Tun da na yi wayo nake ganinta a wurin, kamar yadda nake ganin rumbun kansa. Ba wanda ke taɓawa. Mai kamera ya yi ta zagaya ta kamar ya ga zinariya. Aka tambayi Inna ta wa ce. Ta ce, "Ta mai ita ce," ta ci gaba da aikinta.

Ban so yadda suka sa wani kiɗa mai ban tsoro a wurin ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Abin ya juya, kuma wannan karon ban ji daɗin komai ba.

Yanzu cewa ake aljana ce, doguwa, Inna take ciyarwa. Wani ya tono cewa kakarta 'yar Lugu ce, garin da ya yi suna da bori, ya ce ruwa ba ya tsami banza. "Arawa ai sai bori." "Ta manta ɗiyarta ta tuna iskarta." Wani yaro mai kanti a kasuwar nan ya yi wa'azi guda a waya da hoton ƙwaryar, yana kiran sunan uwata gatsal. Ni da ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ga sunanta a bakin kowane ɗan iska.

Na rubuta masa amsa mai tsawo, na goge. Me na sani? Ni kaina ban san ta wa ce ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Inna ba ta wasa da salla, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ban girma a ɗakin ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Asiya ta kira tana kuka. Inna ta daina fita. An yi suna a maƙwabta, matan suka ɗauke tabarma daga kusa da ita. Wata ta mayar da furar da aka kai mata. Baba ya dawo daga masallaci fuska a ɗaure, ya ce a ɗauke ƙwaryar nan. Da safe Inna ta dama ta zuba ta rufe ta ajiye.

Na ce, "To ku tambaye ta mana!" Ta ce, "Yaya, mun tambaya, ta ƙi hwaɗi. Mu dai haka munka tashi munka gan ta. Ba ta bada hurar nan sai marece, in motocin Dutsi sunka gama shigowa, sannan ta ba yara su sha."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita, ba ta ma ji abin da ta faɗa ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ba zai yiwu ba. Ina saka wa kaina abin da nake so ne kawai.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na gaya wa Rufa'i. Yana goge takalmi ya ce, "Ke dai kin taɓa zuwa Tibiri ba sanarwa kika tarar babu hura?" Na ce gida mai yawa ai ba ya rasa fura. Ya ce, "Da la'asar? A gidan da yara ke lashe ludayi tun hantsi?"

Na yi masa tsawa a kan wani abu daban, wai ya bar buta a hanya. Bawan Allah ya ɗauke butar.

Kullum na sauka, wani yaro ne ke kawo mini a kofi. Ban taɓa duba daga ina aka zubo ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Jalaluddeen ya kira daga Yamai, murya sama kamar ya ci kasuwa. Wai masu kallo sun ninka. Wai suna so in zo Tibiri a ɗauki kashi na ƙarshe da ni, a zaunar da ni gaban Inna, ta kira sunana a gaban duniya, mu rungume juna. "Yaya, shi kenan kowa shi yi shiru. Ke ma ai abin da kike so kenan."

Na zage shi tas. Na ce shi ya kwance wa uwarsa zane a kasuwa. Ya ce to zan zo ko ba zan zo ba? Na ce zan zo.

Don yaron bai yi ƙarya ba. Abin da nake so kenan tun ina 'yar mitsitsiya. Sau ɗaya tak. Mardiyya. Ko da an tilasta mata ne.

Alhamis, 1 ga Mayu

Babu lekol yau. Na fitar da atamfa uku na mayar. Na sake karanta maganganun mutane. Har caca suke, za ta faɗa ko ba za ta faɗa ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Na dawo. Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin a kaina ba.

Sun shimfiɗa tabarma a tsakar gida, fitilu da rana tsaka. Duk gidan a tsaye, maƙwabta kan katanga. Aka fito da Inna. Ta rame. Sun sa ta ɗaura sabon kallabi, ta zauna gefen tabarmar tana kallon ƙasa. Aka zaunar da ni gabanta, kusa, kusan da ba mu taɓa yi ba. Na ga furfura a girarta, ban san tana da ita ba.

Mai gabatarwa ta tausasa murya. "Inna, wace ce wannan?" Inna ta ƙara sunkuyar da kai. "Inna, duk ƙasa tana jiran ki. Ki kira sunanta." Na ga leɓenta yana motsi. Tana murza bakin zane a kan gwiwa. Za ta faɗa fa. Saboda Baba, saboda tabarmar da aka ɗauke, za ta tuɓe abin da ta rufa da shi tun tana amarya a gaban yaran unguwa. Ni kuma ina zaune ina jira a yanka ta a ba ni.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na nufi rumbu. Wata daga kan katanga ta ce, "Kai, kar ta taɓa!" Wallahi har lokacin ban tabbata ba. In na yi kuskure na ƙara mata wani abin kunyar. Na ɗaga faifan. Fura ce, da nono, an sa citta ta yi yawa yadda ba mai so a gidan nan sai ni. Na ɗaga ƙwaryar na kafa kai. Na sha har ta zubo mini a wuya.

Na juya na ce wa kamerar, "Tawa ce. Ba ta iska ba ce. Ni ce mai ita, ku rubuta wannan."

Ba wanda ya yi motsi. Inna ba ta ɗago ba. Ta juya wajen Asiya ta ce, a hankali, kamar maganar gishiri, "Hwaɗa ma ta Dutsi ta motsa da ludayi, garin ya kwanta ƙasa."

Mai gabatarwa ta ce a sake, ba a samu sunan ba. Na ce ba za a sake ba. Baba ya yi gyaran murya ya ce baƙi su sha ruwa, rana ta yi.

Da zan tafi Inna ta biyo ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya tana gyara wata tsintsiya da ba ta lalace ba har na fita.

Lahadi, 11 ga Mayu

Sun nuna jiya. Bushira ta yi kuka ta ɓata mini mayafi. A waya kuma kowa da nasa. Wasu sun ce an yaudare su, ba ta faɗi sunan ba. Matar Maradi ta ce har yanzu tana tausaya mini. Mai kantin nan ya goge wa'azinsa, bai ba kowa haƙuri ba. Mushe Ahmad ya ce har gobe al'adar ba ta da tushe, na ce na ji, ban kuma ce ya yi ƙarya ba.

Asiya ta ce matar da ta mayar da fura ta aiko aron turmi. Inna ta ba ta.

Ban karanta sauran ba. Wayar ta mutu, na bar ta a mace har yamma.

Asabar, 17 ga Mayu

Hadari ya haɗo ya watse, ba ruwa. Yarinyar tana wurin kakarta tun jiya, sai Litinin za a dawo da ita. Gidan ya yi faɗi.

Na sayi wata 'yar ƙwarya a kasuwa, don ta yi arha ne kawai. Da safe na dama fura, na zuba kaɗan na rufe na ɗora kan randa. Ba citta, ba ta so.

Rufa'i ya shigo ya ɗaga faifan ya ce, "Wagga ta wa ce?"

Na ce ya mayar ya rufe, hannuna ne ya zarce na dama da yawa.