Mikiyar da ta Watsa Mana Zaman Karatu

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da amsa kafin in faɗa wa wani dattijo maganar da ba za ta gyaru ba.

Ni malamar makaranta ce a Azare, na haura arba'in, kuma tun ina yarinya ban iya zama babu littafi a hannu ba. Ni na haɗa zaman karatu na mata a unguwarmu. Ran Asabar bayan la'asar muke taruwa a tsakar gidana, mu tattauna abin da muka karanta. Akwai ma'aikatan jinya, akwai 'yan kasuwa, akwai wata da ke tasowa takanas daga Gadau. Littattafan kuwa daga wani shafin intanet nake sauko da su kyauta, in tura a zaurenmu na waya.

Kwanakin baya na tura musu adireshin shafin, na ce kowa ta zaɓi wanda za mu karanta a gaba. Ashe hukumar tsaron wata ƙasa ta riga ta kama shafin. Duk wadda ta danna, maimakon littattafai sai ta ga baƙin allo da tambura, da wata mikiya ta buɗe fukafukai, da rubutun Turanci cewa an ƙwace wannan shafi bisa umarnin kotu.

Kafin magariba labari ya zaga gari, kuma ya yi ƙiba a hanya. Goggon ɗaya daga cikinmu ta zare layin wayarta ta jefa a murhu. Malam Ya'u mai gyaran waya ya ce a kawo masa wayoyin ya goge komai. Mafi muni shi ne Alhaji Ladan, mijin Hajiya Zuliha, aminiyata. Ɗansu Khalil yana jiran bizar tafiya karatu waje. Alhaji ya ce sunan gidansa ya shiga kundin 'yan sandan Turawa ta dalilina, kuma idan aka hana yaron tafiya, ni ce. Ya hana Hajiya zuwa gidana. Sauran mazan suka bi sahu. Asabar da ta wuce ni kaɗai na zauna da tabarmi a shimfiɗe da zoɓo a kwano.

Abin da ke ƙona min rai, Anti, mutanen nan sun daɗe suna jin haushin zaman. Wanda bai taɓa gama littafi ba, yau shi ne masanin dokar ƙasa da ƙasa. Ko allon bai karanta ba, mikiyar kawai ya gani a wayar matarsa.

Ni kuwa na karanta shi. Na sake buɗewa na karanta, na ɗauko ƙamus na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, washegari na sake komawa ko an ƙara wani abu. Ban ga inda aka ce mai dannawa ya yi laifi ba, amma ban ga inda aka ce bai yi ba. Kuma ina son in sani, tsakani da Allah: idan na danna, wa ke gani? Akwai wani a zaune yana rubuta cewa wata mata a Azare ta sake dawowa? Kowace dannawa laifi ne daban? Ta yaya ma hukumar da ke bayan teku take rufe shagon da ba shi da ƙofa? Zai iya shafar bizar yaron? Idan zai iya, zan je in durƙusa. Idan ba zai iya ba, ina son zaman karatuna ya dawo.

Malama Mai Ƙamus, Azare

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Ki ajiye maganar da kika tanadar wa Alhaji tukuna.

Ni ba lauya ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin lauya. Ga abin da na fahimta. Allon nan sanarwa ce, kamar takardar da ake mannawa a ƙofar shagon da kotu ta rufe. Hukumar ta karɓi adireshin ne daga kamfanin da ke riƙe da shi, ta juya shi zuwa nata allon. Wanda ya zo ya tarar da takardar ya karanta, a mafi yawan lokuta bai karya doka ba, ko sau nawa ya karanta. Masu shagon ake nema.

Ko ana gani? Mai yiwuwa na'ura tana ajiye lambar hanyar da kika shigo da lokacin, kamar yadda kusan kowane shafi yake yi. Lamba ce cikin tarin lambobi daga ko'ina a duniya, ba sunan gidan Alhaji ba. Lauyan ya ce bai san hanyar da dannawar uwa a shafin littattafai za ta kai ga teburin bizar ɗanta ba. Ba zan yi miki alkawarin za a ba Khalil biza ba, ana hana mutane saboda dalilai iri-iri, kuma ki shirya wa wannan ranar. Da shafin na damfara ne, ko na ta'addanci, ko na lalata yara, da amsata ta sha bamban.

Yanzu naki ɓangaren. Dannawar da kike tsoro ba ita ce matsalar ba, abin da ya gabace ta ne. Sauko da littafin da ba a ba da izini ba, da rarraba shi ga jama'a, taɓa haƙƙin mallaka ne, kuma muna da dokarsa a ƙasar nan. Ba kasafai ake bin mai karatu ba, amma ke da kike son marubuta kin san wa aka cuta. Shi kuma Alhaji, ko da yana jin haushin zamanku, tsoron da yake yi wa ɗansa na gaskiya ne.

Kada kowa ta goge waya ko ta ƙona layi, ba ya share komai a can. Ki cire adireshin daga zaure. Ki gargaɗi matan game da sababbin shafukan da za su ce su ne tsohon ya dawo, da duk wanda zai bugo ya ce shi jami'i ne a biya tara: ɓarayi ne. Idan gayyata ta zo a rubuce daga hukuma, a tafi da lauya.

Sannan ki je gidan Alhaji da rana tsaka, tare da maigidanki ko wani babba da yake jin nauyinsa. Ba durƙuso za ki yi ba, ba kuma darasi za ki ba shi ba. Ki ce kin tura abin da ba ki duba ba, kin tambaya, ga amsa. Ki riƙe littafi na takarda a hannu, wanda aka saya a kasuwa, ki ce shi za ku karanta ran Asabar, ana karɓa hannu da hannu, kuma kina roƙon Hajiya ta fara.

Allon kuma ki daina komawa. Kin karanta shi fiye da wanda ya rubuta shi, kuma ba shi da shafi na biyu.

Allah ya ba Khalil sa'a, ya cika miki tabarminki.